Babur mai injekta da sanyin hunturu: abin da ke hana shi tashi da safe da yadda ake gano shi

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da hunturu ya kankama a ƙasar Daura, ma'aunin zafi da asuba kan sauka zuwa wajen digiri 12 ko 13, wani lokacin ma ƙasa da haka idan iskar arewa maso gabas ta kwana tana kaɗawa. A wannan tsakani ne masu babura suka fi kai kuka wurin makanikai cewa abin hawansu ya ƙi tashi da safe, alhali da rana tsaka bugu ɗaya yake kamawa. Ga mai Boxer ko Jincheng maganin sananne ne: a ja cok, a buga kik, a bar injin ya ɗan yi ɗumi. Amma akwai wani rukunin babura da wannan dabara ba ta ci a kansu, wato waɗanda ba su da kafireta, injekta ce ke fesa musu mai. A cikinsu har da babura masu doguwar ƙafa da tayoyi masu haƙora, waɗanda aka ƙera domin yashi da burji, irin waɗanda ma'aikatan da ke shiga ƙauyukan Ɓaure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa suka fi jin daɗinsu, da kuma na hannu da ake shigo da su daga Turai.

Abu na farko da ya kamata mai irin wannan babur ya sani shi ne, sanyin Daura bai kai ya hana lafiyayyen injin tashi ba. An ƙera waɗannan babura su tashi a ƙasashen da ruwa ke daskarewa. In har ɗaya ya gagara a digiri 12, to akwai wata lalura da ta daɗe a jikinsa, sanyin ya tona ta ne kawai. Mafi yawan lokuta kuma asalinta zafin bazara ne, ko ƙura, ko gurɓataccen mai.

Yadda injekta ta maye gurbin cok

Fetur ba ya kamawa da wuta yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Injin da ya yi zafi yana buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Idan ƙarfe ya yi sanyi, wani ɓangare na man kan lafe a jikin bututun shiga da bangon silinda bai zama tururi ba, don haka dole a ƙara yawansa kafin a samu abin da zai kama. Aikin cok ke nan a kafireta: ya rage iska ko ya buɗe wata ƙaramar hanyar mai.

A babur mai injekta, wata 'yar kwamfuta ce ke yin wannan lissafi, wadda makanikai ke kira birenbos, wato ƙwaƙwalwar injin. Tana karɓar labari daga na'urori masu ji: ɗaya na gaya mata zafin injin, ɗaya zafin iskar da ke shiga, ɗaya yawan buɗewar totur, wata kuma juyawar injin. Da wannan take yanke tsawon lokacin da za ta buɗe injekta, abin da bai wuce ɗan ƙaramin kaso na daƙiƙa ba. Shi kuma man, wani famfon lantarki da ke cikin tanki ko kusa da shi ne ke turo shi da ƙarfin da ya kai wajen ninki uku na matsin iskar da muke shaƙa.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Kawasaki ya fito da babur mai injekta tun 1980, amma ta daɗe ba ta yaɗu a baburan tsere a ƙasa ba, sai a 2008 da Suzuki ya saka ta a RM-Z450, Honda ya biyo baya da CRF450R a 2009, Yamaha kuma da YZ450F a 2010. Abin da ya yaɗa ta zuwa ƙananan babura shi ne dokokin rage hayaƙi, musamman wadda Indiya ta fara aiki da ita ranar 1 ga Afrilun 2020. Tunda daga Indiya da Sin mafi yawan baburan arewacin Nijeriya ke fitowa, ba abin mamaki ba ne idan makaniken da bai iya injekta ba ya wayi gari kasuwarsa tana raguwa.

Kafin a taɓa sifana

Sau da yawa laifin na hannun mai babur ne. Wanda ya saba da kafireta yakan murɗa totur sau biyu ko uku kafin ya tayar, ko ya riƙe shi a buɗe yana buga kik. A babur mai injekta wannan ɓata lissafi ne, domin ƙwaƙwalwar ta auna mai daidai da totur a rufe. Ƙa'idar ita ce a kunna makulli, a saurari ƙarar famfon mai na daƙiƙa biyu zuwa uku har ya yi shiru, sannan a danna sitata ba tare da an taɓa totur ba. Kada dannawa ɗaya ta wuce daƙiƙa 5, kuma a huta kamar daƙiƙa 10 kafin a sake.

Baburan tsere da dama suna da wani ɗan maɓalli a jikin maƙogwaron totur da ake ja ko a danna da sanyin safiya. Mutane kan ɗauke shi cok, amma ba mai yake ƙarawa kai tsaye ba, sulo yake ɗagawa, ƙwaƙwalwar kuma ta daidaita mai. Da injin ya yi ɗumi sai a mayar da shi. Akwai kuma waɗanda ba su da batir sam, bugun kik ne ke samar da wutar da za ta tayar da famfo da ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan ba sa son gajerun bugu na gaggawa. Sai an lallaɓa kik ɗin har an ji ya yi tauri, a mayar da shi sama, sannan a taka shi da ƙarfi har ƙasa.

Idan an yi ta fama har warin fetur ya tashi, mai ya cika silinda ke nan. A babura da yawa, ciki har da na Honda, maganin shi ne a buɗe totur gaba ɗaya a danna sitata na daƙiƙa 5 domin iska ta share silindar, sannan a koma tayarwa yadda aka saba.

Sai a duba ƙananan abubuwan da kan ba mutum kunya: jan maɓallin kashe injin da ke kan kambun hannu, wanda yara kan taɓa da daddare, da makunnin ƙafar jingine babur, da na kuloci, da giya ko tana firi. Akwai kuma na'urar da ke yanke mai idan babur ya faɗi. Wanda yashi ya kayar a hanya sai ya kashe makulli ya sake kunnawa kafin injin ya amsa.

Batir

A nan ya kamata bincike ya fara, kuma a nan yake ƙarewa a mafi yawan lokuta. Babur mai kafireta yakan tashi da kik ko da batir ya mutu murus. Mai injekta ba haka yake ba, domin famfo da ƙwaƙwalwa da ita kanta injektar duk wuta suke ci, kuma suna buƙatarta daidai lokacin da sitata ke zuƙe mafi yawanta. Batir mai rauni yana iya kunna fitila, ya busa ham, har ya juya injin, amma wutar ta faɗi ƙasa da abin da ƙwaƙwalwar ke iya aiki da shi. Mai babur yana jin injin na juyawa sai ya wanke batir daga zargi, ya tafi neman laifi a wani wurin.

Mitar awon wuta, wadda kowane mai gyaran wayarin ke da ita, ita ke raba gardama. Batir da ya kwana ba a taɓa shi ba ya kamata ya nuna bolt 12.6 ko sama. Idan ya nuna 12.4 ya fara sauka, idan kuwa 12.0 ne to yana neman caji da gaggawa. Awon da ya fi muhimmanci shi ne wanda ake yi ana danna sitata: in lambar ta faɗi ƙasa da 10, batirin ya gaji ko da ya nuna lafiya a zaune. Bayan injin ya tashi an ɗan ba shi wuta, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Abin da ya gaza haka yana nufin babur ba ya caji, kuma sabon batir ma ba zai yi mako biyu ba.

Abin lura shi ne ba hunturu ke kashe batir a wannan yanki ba. Zafin Afrilu da Mayu ne, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yake cinye farantan da ke cikinsa ya ƙafar da ruwansa. Batirin yakan ci gaba da lallaɓawa har damina ta wuce, sai safiyar farko ta Disamba ta nemi ƙarfin da ba shi da shi. Ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce daga gida zuwa sakatariya ba ya fi shiga wannan hali, domin 'yan mintunan ba su isa su mayar da abin da sitata ta ci ba. Kafin a sayi sabo, a kwance kawunan batirin a goge farin garin da ya taru, a ɗaure su tamau, a bi wayar da ke zuwa jikin ƙarfen babur a tabbatar ba ta yi tsatsa ba. Girgizar burji ita kaɗai ta isa ta sassauta su.

Mai da famfonsa

Idan an kunna makulli ba a ji ƙarar famfo ba, a duba fiyus da rile da soket ɗin da ke ƙarƙashin tanki kafin a yanke wa famfon hukunci. Idan ana jin ƙarar amma babur sai an kunna an kashe makulli sau uku ko huɗu yake kamawa, alama ce matsin mai yana zurarewa da daddare, ko famfon ya raunana, ko rariyarsa ta toshe. Tabbatar da wannan sai da agogon awon matsi, kuma ba kowane gareji ke da shi ba.

Halin da ake ciki game da fetur ya sa wannan ɓangare ya fi shafar mutanen kan iyaka. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyakar ƙasa, abin da ya tura mutanen wajejen Kwangwalam da Mai'aduwa ga 'yan bumburutu. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol wanda ya lalata injuna a sassan ƙasar. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 kuma, masu babura da yawa sun koma sayen lita ɗaya ko biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da illa ga injekta fiye da kafireta.

Man da ke cikin tanki shi ke sanyaya famfo yana kuma yi masa maiƙo. Babur da kullum ke tafiya a gindin tanki, famfonsa yana zafi, yana kuma tsotsar dattin da ya kwanta. Ramukan bakin injekta sun fi tsinin allura ƙanƙanta, ƙwayar yashin da kafireta za ta haɗiye ba ta ji ba ita ce za ta mayar da feshi ya koma ɗigo. Injin mai zafi yana iya ƙone ɗigo, mai sanyi ba zai iya ba. Shi kuma man kwalba da ya wuni a rana a bakin titi, sassansa mafiya saurin tashi sun riga sun tsere, kuma su ne ainihin waɗanda ake buƙata wajen tayar da injin mai sanyi. Haka man da ya yi wata biyu ko uku a tankin babur da aka jingine.

Game da ruwa a cikin mai, ana yawan ɗora laifin a kan raɓa, amma iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai. Ruwan da ake samu a tanki a Janairu galibi daga jarka ya shigo, ko kuma tun damina yake kwance. A zuƙo ɗan mai daga gindin tanki a zuba a kwalba mai haske, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa cikin 'yan mintuna.

Gargaɗi biyu. Bututun man injekta yana ɗauke da matsi ko da injin a kashe yake, ba a zare shi kusa da wuta ko injin mai zafi, kuma ba a musanya shi da tiyon kafireta. Sannan al'adar tsiyaya fetur a maƙogwaron injin don ya kama, ban da haɗarin gobara, ba ta gyara komai.

Ƙura da bawul

Wannan ita ce lalurar da aka fi kuskuren ganewa, kuma ita ta fi tsada idan aka bar ta. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin fulawa. Idan iyakilina ta toshe, ko soson ya bushe babu mai a jikinsa, ko bakinsa bai zauna daidai ba, ƙurar kan wuce ta dinga gurzar fuskar bawul ɗin shigar mai da mazauninsa. A hankali bawul ɗin ya nutse, 'yar tazarar da masu ƙira suka bari a samansa ta rufe, ya daina toshe silinda sosai. Matsin injin sai ya zube. Da rana, ƙarfe ya buɗa, injin na juyawa da sauri, ba a gane komai. Da asuba kuwa babu matsin da zai sa mai ya kama.

Alamominta a bayyane suke ga wanda ya sani: kik ya yi laushi, babur ya ƙi tashi da sitata amma ya tashi da turi, matsalar tana ƙaruwa mako bayan mako, injin kuma ya yi shiru fiye da da. Wannan shirun ne ke yaudarar mutane. Wasu ma da kansu suke cewa makanike ya matse musu bawul don ƙarar ta ɗauke, alhali 'yar ƙarar nan ita ce shaidar cewa tazarar tana nan. A baburan tsere masu bugu huɗu tazarar bawul ɗin shiga takan kasance wajen milimita 0.10 zuwa 0.15, amma kowane samfuri da lambarsa a littafin da ya zo da shi. Da siraran ƙarafan awo ake gwadawa, injin yana sanyi, ba da kunne ba. A wasu babura noti ake murɗawa, a wasu kuma sai an canza wasu ƙananan kwabban ƙarfe da ba a cika samu a Daura ba sai an aika Kano ko Legas. Idan an daidaita tazarar ta sake rufewa cikin ɗan lokaci, bawul ɗin ya ƙare, canji yake nema.

Rigakafin ba shi da tsada. Wanda ke bin hanyar kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi cikin ƙurar manyan motoci da garken shanu, ko yake shiga ƙauyuka kullum, ya wanke soson iyakilina duk mako a lokacin hunturu, ya bar shi ya bushe, ya shafa masa mai, ya matse. Ta takarda ba a wanke ta, ba a kuma huda ta don babur ya ƙara gudu.

Fulogi, baƙin mai da na'urori masu ji

Fulogi shaida ne kafin ya zama mai laifi. Bayan an gwada tayarwa an kasa, a kwance shi a duba. In ya fito a jiƙe, mai yana zuwa, matsalar wuta ce ko matsi. In ya fito a bushe, a koma kan famfo da injekta. In baƙi ne ƙirin da toka, babur yana shan mai fiye da kima. A saka lambar da kamfani ya rubuta, domin baburan injekta suna buƙatar fulogi mai hana tartsatsinsa rikita ƙwaƙwalwa, kuma na jabu sun yi yawa a kasuwa.

Baƙin mai mai kauri, irin mai lamba 40 zalla da ake aunawa a gwangwani, yakan yi nauyi da asuba ya rage saurin juyawar injin. Mai lamba 10W-40 ko abin da littafin babur ya ce ya fi dacewa.

Na'urar jin zafin injin ita ce cok na gaskiya a wannan tsari. Idan ta ce injin ya yi zafi alhali yana sanyi, ƙwaƙwalwar ba za ta ƙara mai ba, babur ya ƙi tashi ko ya tashi ya mutu. Idan kullum sanyi take faɗa, sai baƙin hayaƙi da shan mai. Ana gwada ta da mita: a yawancin babura turjiyarta ga wuta tana tsakanin om 2,000 da 3,000 a digiri 20, tana sauka zuwa 'yan ɗaruruwa idan injin ya yi zafi. Idan wayarta ta tsinke, fitilar gargaɗi da ke kan agogo takan kama. Idan kuwa ƙarya kawai take yi, fitilar ba za ta ce komai ba.

Ita wannan fitila magana take yi ga wanda ya iya ƙirge. A baburan Honda doguwar ƙyaftawa tana nufin 10, gajera 1. Ƙyaftawa 7 na nuni ga na'urar zafin injin, 8 ga ta totur, 9 ga ta zafin iska, 12 ga injekta. Sauran kamfanoni da nasu lambobin. Lambar tana nuna layin da ke da matsala ne, kuma sau da yawa soket ne ya cika da ƙura ko waya ta goge a jikin ƙarfe, na'urar kanta lafiyarta ƙalau.

Babur da ke tashi amma ya mutu da an saki totur, a duba dattin da ya taru a maƙogwaron totur da 'yar hanyar iskar sulo, da kuma robar da ta haɗa maƙogwaron da injin, wadda zafi kan tsattsaga ta ta dinga satar iska. Sukurorin da aka ɗiga wa fenti a wurin, daga kamfani aka saita su, ba na murɗawa ba ne.

Ita ƙwaƙwalwar, wadda wasu makanikai ke fara ambata da zarar sun ga babu kafireta, ita ce ta ƙarshe a jerin abin zargi. Ba ta cika lalacewa da kanta ba, sai an juya kawunan batir, ko an yi walda a jikin babur ba a cire ta ba, ko an jona shi da motar da injinta ke kunne, ko ruwa ya shige ta. Wadda ta ƙone kuwa ba ta zaɓar safiya, da rana ma babur ba zai tashi ba. Saboda haka mai babur da aka ce wa birenbos ce, alhali abin hawansa yana aiki lafiya bayan hantsi, yana da hujjar neman a nuna masa awon batir da na tazarar bawul kafin ya biya kuɗin aike Kano.